Wurina a Ƙofar Kara

Taubashina ne ya cinye mini wuri, ɗan gwaggota ƙanwar mahaifina. Aro na ba shi, ya kafa bulo da kwano a kai ina kwance da karyayyar ƙafa.

Ni igiya nake tufkawa. Sana'ar mahaifina ce, kuma a ƙofar kara, kasuwar shanu ta Mai'adua, muke shimfiɗa, inda ake fitowa da shanu bayan ciniki ya faɗa. Duk ranar kasuwa daga Daura nake tasowa da damin igiyar rama a bayan mashin. Wanda bai san kara ba zai ce ai ko'ina ka zauna ka sayar. Ba haka ba ne. Makiyayi ba ya sayar da sa da igiyarsa. Da ya sallama zai kwance abarsa ya rataya a kafaɗa, wai kada albarkar garke ta bi baƙo. To ga mai saye tsaye da sa, ba abin ja, wa zai nufa? Mai igiyar da ya fara gani. Ni ke nan, gindin darbejiya, hannun dama in za ka fita.

Ban gama firamare ba, amma ina tuna malaminmu na Turanci da ya ɓata mana yini a kan kalmar da Bature yake kiran wuri da ita. Ya ce da ita suke nufin gida, da ita suke faɗin na nawa ka zo a jarrabawa, da ita suke tuna wa mutum matsayinsa in ya cika baki. A lokacin dariya abin ya ba ni. Sai da na girma na ga nawa wurin ya fi na Baturen aiki. Shi ne gonata, shi ne adireshina. In aka ce mai igiya na ƙofa, daga Baure har tsallaken iyaka an san wa ake nufi, kuma ban taɓa jin an dawo mini da igiya ta tsinke ba.

Shekarun da shari'a ta dawo ne mashin ya kayar da ni a hanya, ƙashin cinya ya karye. Aka kai ni gidan mai ɗori. A kara kuwa ba a barin wuri fili. In za ka jima ba ka zo ba, naka za ka ce ya shimfiɗa kayansa a kai, ranar da ka dawo ya naɗe tabarmarsa ba sai an ce masa ba. Kowa ya san wannan. Taubashin nawa gishiri da kanwa yake sayarwa can ƙuryar kasuwa inda ba mai bi. Ya zo dubiya yana tsokanata, wai tuwo ne ya yi mini nauyi har mashin ya gaji ya ajiye ni. Muka yi dariya, na ce ya riƙe mini wurin kafin in tashi. Daga ni sai shi a ɗakin.

Damina ta wuce kafin in taka. Ranar da na koma, ina dogara sanda, sai na tarar an sare rabin darbejiyar, ga shago, ga igiyoyin roba shuɗi da ja suna reto a bakin ƙofa. Ya taso da fara'a.

"Gurguna, ka tashi? Zo ga benci. Ka zauna nan ka riƙa tufka, ni in sayar maka, ka huta da rana."

Wato in zama ɗan aikinsa a inda mahaifina ya tsufa. Na tambaye shi yaushe zai kwashe. Ya ce ai kyauta na ba shi, ko zafin ciwo ya sa na manta?

Dillalai suka ce in kai ƙara, yanzu ai shari'a ce. Na kai. A gaban alƙali bai musa cewa wurin nawa ne tun asali ba, ya dai tsaya a kan kyauta, ya kawo shaida guda: ɗan mashin da ya kai shi dubiya, mutumin da ko zauren gidan bai wuce ba. Alƙali ya yi mana bayani cewa a sha'anin dukiya, mai shaida ɗaya sai ya cika da rantsuwa da Alƙur'ani, wurin ya zama nasa. Na zaci zai ja da baya. Ya ce zai rantse.

Kafin ranar, gwaggo ta sa aka kawo ta gidana. Ta tsufa, ido ya yi rauni, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rage mata. Ba ta roƙe ni komai ba. Ta shafa ƙafata ta tambayi jiki, aka kawo mata fura ta kasa sha. Da za ta tafi sai ta ce ta san ɗanta, ta kuma san abin da rantsuwar ƙarya take yi wa gida. Iyakar maganarta ke nan.

Ranar rantsuwa masinjan kotu ya raka mu masallaci, 'yan kara sun cika ƙofa. Aka fito da Alƙur'ani. Taubashina ya tsuguna da buta ya fara alwala, ya wanke fuska, ya kama hannu. Na ga da gaske zai yi. Na gaya wa masinja na janye ƙarata, ya shaida wa alƙali. Sannan na dogara sandata har inda yake tsugune, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ajiye butar nan. Ba za ka dafa Littafin Allah a kan ƙarya ina tsaye ba, uwarka tana da rai. Ka riƙe wurin. Yau ne na ba ka, a gaban mutanen nan, ba a ɗakin mai ɗori ba. Gobe ka buɗe shagonka ka dubi idonsu."