Kunnen Clive

Taurin kai ne ya cinye wa mijina Clive Ormerod kunne, ba komai ba. Ni Maureen na faɗa, kuma ko a gabansa zan maimaita, tunda ba ji zai yi ba.

Sanda na san shi a garin Salford, jita yake kaɗawa a wata ƙungiyar da ko karen unguwa bai san da ita ba. Da yayin kiɗan punk ya zo a 1977, sai yara masu gashi tsaye kamar bushiya suka cika gari, kowa na son faifai, ba wanda ya iya kiɗa. Clive ya jingine jita, ya kama wani tsohon sito a bayan shagon soya kifi, ya lilliƙa kwalayen ƙwai a bango don tare ƙara, ya zama mai haɗa musu faifai. Ya iya kam, wannan ba zan hana shi ba. Yara za su shigo da hayaniya kamar ana dambe a kasuwa, su fita da waƙar da ake sawa a rediyo.

Sai dai yana da wata aƙida: wai ba a sanin waƙa ta yi sai an ƙure lasifika har kofin shayi ya kama rawa a kan tebur. Na kai masa auduga.

"Don girman Allah, Clive, toshe kunnen nan."

"Haba Mo, kin taɓa ganin tela yana ɗinki ido a rufe?"

"To sannu, tela. Jiya sau nawa na kira ka cin abinci?"

"Me kika ce?"

Kun ji fa!

Da punk ya lafa, salon new wave ya shigo da kiɗa mai ɗan sanyi, na ce to, Allah ya kawo sauƙi. Ina! Shi ma ƙure shi yake yi. Kunnen hagu ya tafi, bawan Allahn nan ya juya kujera ya miƙa na dama. Na ja shi asibiti da ƙyar, likita ya yi masa faɗa, muna fitowa ya ce wai mutumin ciki-ciki yake magana. Na yi kuka, na yi yaji, na dawo, duk a banza. Daga baya da tafin hannu yake aiki: ya ɗora shi a jikin lasifika, ido a kan allurar na'ura mai nuna ƙarfin sauti. Yaran suka gane, suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Sai 'yarmu Lorraine ta girma ta zama mawaƙiya, ta kafe faifanta na farko ba mai taɓa shi sai Baba. Gado ba karambani ba. Na bi su siton don takaici.

Ta shiga ta rera. Clive ya ƙara murya, ya ƙara, har kofin ya faɗo ya fashe. Ya kafa kunne a jikin lasifika. Can sai na ga abin da ban taɓa gani ba: ya rage da kansa. Ya juyo gare ni.

"Mo, muryarta irin ta wa ce? Rabona da jin ta tun tana firamare."

Shekaru ina tanadin "ai na faɗa maka", ga shi a bakina, ya ƙi fita.

Na ce, "Irin ta mahaifiyarka ce."

Ya zuba wa leɓena ido. "Sake faɗa. A hankali."