Kaset ɗin Baba Saje

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan Zainab ta kira ni tana kuka, wai mahaifinta Baba Saje ya rasu. Tun ɗazu ina zaune gaban rikodar nan, na kasa taɓa komai.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon soja ne, ɗan badujala. Da ya yi ritaya sai ya zauna kusa da barikin Shadawanka. Abokin marigayi babana ne.

Lokacin da na ce zan koma ɗaukar waƙoƙina a kaset a ɗakina na unguwar Ɗan Iya, abokaina dariya suka yi ta yi min, wai kowa yana kwamfuta ni ina neman kayan kakanni. Baba Saje kaɗai ya ce in zo mu fita nema.

Wallahi na sha wahala a hannun dattijon nan! Ni da na ga rikoda tana ƙyalli sai in ce a ɗauka. Shi kuwa sai ya buɗe ta ya latsa roba da yatsa, ya goge kan da ke karanta kaset da auduga, ya sa wani tsohon kaset ya ga ko za ta ci zaren kaset ɗin. Sai ta tsallake duk wannan sannan zai zaro wani kaset daga aljihun gaba, a naɗe cikin hankici.

Muryar matarsa ce, Inna Hajara, tana wa Zainab waƙar reno tun tana jaririya. Ba a daɗe da ɗaukar ba Allah ya karɓi abarsa. Babu wani kwafi, wannan kaɗai ne, ga zaren ya fara gajiya.

Zai rufe ido ya saurara, sai ya girgiza kai.

“Wannan ba Hajara ba ce. Ta yi sauri.”

Haka muka yi ta yawo a keke daga shago zuwa shago, har masu kayan gwanjo suka gane mu. Wata rana a shagon wani Inyamuri mai kirki muka samu rikoda mai layi huɗu, wato mai ɗaukar murya huɗu a kan juna, duk ta koɗe. Aka kunna. Baba Saje ya rufe ido ya saurara. Can ya share ido ya ce, “Ɗana, ga ta nan. Ɗauki wannan.”

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce ya zo wurina, yana hawa matakala yana hutawa. Ya ce in kwafe masa muryar a sabon kaset kafin tsohon ya tsinke, don Zainab ba ta san uwarta ba sai ta nan. Har muka gama ina tsoron kada zaren ya katse a hannuna. Allah ya taimake mu bai katse ba.

Sai na gaya masa ai akwai sauran layi, in yana so zai iya ɗora tasa muryar a kan tata. Ya harare ni ya ce shi soja ne, ba ya waƙar reno. Ban gama naɗe waya ba na ga ya jawo kujera gaban makirufo.

Ya bi ta tun daga farko har ƙarshe. Inda ta yi dariya shi ma ya yi.

Ya ce in riƙe kaset ɗin in rubuta suna a jiki, zai dawo ya karɓa ranar Juma'a.

Ina kewarka, Baba. Yanzu zan tafi jana'iza, kaset ɗin yana aljihuna na gaba, a cikin hankici. Zan miƙa wa Zainab iyayenta su biyu.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da Inna Hajara a Aljanna. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa su a addu'a, ya roƙa wa Zainab haƙuri.