Tulun Mama a Cikin Randunan Hajiya

Ranar Lahadi, talatin ga watan Satumba na 1979, ana gobe sojoji za su miƙa wa farar hula mulki, na tsaya a bakin Ƙofar Mazugal da tulu a kaina, ina 'yar shekara tara. An yi yayyafi da asuba, hotunan 'yan takara da aka manna a bango tun lokacin zaɓe sun jiƙe suna ɗaɗɗagowa, masu shayi sun ƙure rediyo, kowa maganar gobe yake yi. Ni kuwa lissafina bai wuce abu huɗu ba, wato abin da mahaifiyata ta bari da ta rasu mako shida kafin nan: keken ɗinki, zanen zumuntar matan coci guda biyu, littafin waƙoƙi da bangonsa ya ɓalle, da tulun nan. Keken, ƙanwarta ta tafi da shi ƙauye. Zani ɗaya an lulluɓe akwatin gawarta da shi, ɗayan kuma Baba ya kulle a adaka tare da littafin. Tulun kaɗai ya rage a hannuna, kuma shi ne na ɗauko da kaina zan kai inda za a buga shi.

Mu Hausawa ne Kiristoci, asalinmu wani ƙauye ne kudu da Kano. Babana, Malam Bulus, malamin asibiti ne, kuma aikinsa ne ya zaunar da mu a cikin birni, maimakon Sabon Gari inda sauran 'yan ikilisiyarmu suke. Ɗaki biyu muke haya a gidan Hajiya Yalwa, wata dattijuwa mai sayar da daddawa da garin kuka, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Duk unguwar mu kaɗai ne ba Musulmi ba. Yara suna ce mini Ladi 'yar coci, kamar yadda suke ce wa wata Binta 'yar mai goro, daga nan sai mu zauna mu baje duwatsun carafke, ko mu zana 'yar gala-gala a ƙofar gida har a kira mu wanke-wanke. Da Babbar Salla nama yakan yi mana yawa har Mama ta soya ta adana a gwangwani. Da Kirsimeti kuwa ba ta yarda Baba ya yanka mana kaji, sai ta aike ni da su wurin limamin lungunmu ya yanka, don kada a kai wa wani gida shinkafa a rasa mai ci.

Mama, sunanta Saratu, tela ce, amma a majami'a ba da ɗinki aka san ta ba. Ita ce mai buga tulu a zumuntar mata. In ka gan shi za ka ce tulun ruwa ne, sai dai bai taɓa ganin ruwa ba. Ana buga bakinsa ne da wani ɗan matashin soso da aka ɗinke cikin ƙyalle, sai ya ba da wata murya mai kauri wadda ake ji a ƙirji kafin a ji ta a kunne, a kanta caki da kuge da muryoyin mata suke hawa. Ina tare da ita ranar da ta zaɓo shi a kasuwar Kurmi. Ta bi tuluna kusan ashirin tana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa tana kara kunne, har mai kayan ya gaji ya tambaye ta ko miji take zaɓa. A hanyar dawowa ta ce mini, "Kayan ƙasa ba a saye da ido, Ladi. Ki ƙwanƙwasa ki ji." Da wannan maganar nake cin abinci har yau.

Ranar Alhamis da yamma take gwaji. Sai ta tura ƙofar ɗaki, ta zauna bakin gado ta sa tulun tsakanin gwiwoyinta, tana bugawa a hankali saboda maƙwabta, da an kira salla kuma sai ta ɗora tafinta a bakinsa ta yi shiru har a idar. Ni kuma nakan kwanta a tabarma in manna kunnena a jikin tulun, in ji kamar ana tafiya da ni cikin wani kogo mai sanyi, haske yana shigowa ta 'yar taga, ƙurar zare tana yawo a cikinsa, barci yana ɗaukata yana saki. Ranar Lahadi tun rana ba ta yi zafi ba za mu fita, Baba a gaba da Littafi Mai Tsarki a hammata, Mama da tulun a naɗe cikin tsohon zani, ni ina jan ƙanena Iliya. Mu bi lungu, mu wuce kududdufi da maƙera, mu fita ta ƙofa, mu ratsa gefen Fagge, har mu fara jin ƙararrawa.

Zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke ta, a tsakiyar damina. Hajiya ta buɗe zaurenta ta shimfiɗa wa maza tabarmi, ta dama kunu tukunya guda, matan unguwa suna shigowa suna yi mana gaisuwa. Da azahar matan zumunta suka iso cikin zanensu iri ɗaya, shugabarsu a gaba, Mama Rifkatu, wata ƙatuwar mace mai sayar da busasshen kifi. Da a Sabon Gari ne, kwana uku za su yi suna waƙa da kiɗa a gidan, domin kuwa haka muke raka mamatanmu. Amma nan cikin birni ne, inda makoki shiru ne da addu'a, kuma Baba ya roƙe su kada su yi waƙa. Sai suka zauna a tsakar gida suka rufe baki, suna jan waƙar a maƙogwaro kawai, kamar zuma a cikin amya. Mutane sun yi ta mamakin yadda ban yi kuka ba, wasu suka ce taurin zuciya ne. Ba su san cewa da safen nan na shiga ɗaki na kara kunnena a bakin tulun ba, na kuma ji wani gunji siriri a ciki, irin wanda Mama take yi kafin ta ɗauko waƙa. Yanzu na san kowane tulu in babu komai a cikinsa haka yake yi. A lokacin kuwa na tabbata muryarta ce ta rage a ciki. Na ɗauko ɗankwalinta na toshe bakin, na ɗaure da tsumma.

Tun ina ƙarama ni mai tattali ce. Kullum in na dawo daga makaranta, na share tsakar gida, na wanke wa Iliya ƙafa, sai in shiga ɗaki in ɗaga gefen ɗankwalin kaɗan, in saurara gwargwadon numfashi uku, in mayar in toshe. Na yi shawara da zuciyata cewa in na riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan haka, za ta kai ni har in girma. Ana nan sai ga Mama Rifkatu ta zo wurin Baba. Ta ce Lahadin ƙarshen wata za a yi sujadar godiya ta sabon amfanin gona, a haɗa da yi wa ƙasa addu'a, kuma tun da Saratu ta tafi waƙarsu ba ta da gindi, sun gwada tuluna biyu duk kamar ana buga bokiti. Baba, wanda tun rasuwar bai fi ya ce to ko a'a ba, ya ce ta zo ranar Asabar ta ɗauka. Ina bayan labule ina ji. Na san bugu ɗaya za a yi masa, abin da nake tattali ya fice gaba ɗaya.

Na yi tunanin ƙarƙashin gado, na ga nan za a fara dubawa. Na yi tunanin kan soro, na tuna ruwan sama. Sai dabara ta zo mini wadda har na ji daɗin kaina: a ƙarƙashin rumfar Hajiya akwai randuna da tuluna biyar a jere, wa zai lura in sun zama shida? Ranar Alhamis da sassafe na kai shi na tura can kusurwa, na tafi makaranta da ƙwarin gwiwa. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Malam Ɗanjuma mai ga-ruwa, wanda yake zuwa da hantsi ya cika duk abin da ya tarar da baki a sama. Da na dawo, abin da na fara gani ɗankwalin Mama ne a kan igiyar shanya, an wanke shi tas. Tulun kuwa ya cika har wuya, jikinsa ya yi duhu yana gumi, da moɗa a kai, jikokin Hajiya suna sha suna yaba sanyinsa. Na ture su na kara kunne. Babu komai, sai motsin ruwa.

A nan na zube na yi kukan da ban yi ba mako shida. Hajiya ta bar dakan da take yi ta zo ta ɗaga ni, ta ce ita ta ɗauka Malam Bulus ne ya sayo sabon tulu, ita ce ma ta cire tsumman. Da ƙyar na iya gaya mata abin da yake ciki. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce mini yarinta ce ba. Sai ta koma gindin turminta ta ɗauki taɓarya. Tana daka sai na ji ta fara jan wata murya a hanci, taɓaryar tana faɗuwa daidai inda tulu yake faɗuwa. Waƙar baiko ce, wato ta lokacin miƙa sadaka a majami'a, wadda Mama ta fi so, tun daga farko har wurin da takan ɗaga ta sama ta ɗan karya ta, abin da ko a majami'a ba wanda yake yi sai ita.

"Shekara bakwai bango ɗaya ne tsakaninmu," in ji Hajiya. "Kalmomin naku ne, ban riƙe su ba. Amma muryar, 'yar nan, ai ta daɗe da fita daga tulun. Ni ma na rasa yadda zan raba ta da dakana."

Ita ta juye ruwan a sauran randuna, ta kife tulun a kan duwatsu uku da ɗan garwashi a ƙasa, ranar Juma'a kuma ya wuni a rana. Da Mama Rifkatu ta zo ranar Asabar na ce mata ni zan kawo shi da kaina. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "To, uwar tulu, kada dai ki makara."

Haka na kai bakin ƙofa ranar Lahadin nan. Hajiya ta rako mu da mayafinta, wai za ta duba wata 'yar uwarta marar lafiya, ko da yake ba wanda ya san tana da kowa a wajen. A daidai ƙofar ta gyara mini gammo ta ce nan ne iyakarta, ta juya. Da muka fita sai na ga matan zumunta a tsaye gefen titi, sun fi ashirin, sun tako tun daga Sabon Gari don su tarye mu. Suka sa ni a tsakiya muka yi ta tafiya shiru. Muna shiga Sabon Gari Mama Rifkatu ta buɗe baki, sauran suka amsa, waƙar nan da suka haɗiye ranar makoki ta fito gaba ɗaya, har masu keke suna tsayawa kallo.

Gaban majami'a ya cika da ɗanyar masara da gyaɗa da kabewa da kaji a ɗaure. Wani dattijo ya kawo ɗan akuya, kuma fasto yana tsakiyar roƙa wa sababbin shugabanni hikima akuyan ya amsa masa da ƙarfi, dariya ta ɓarke har shi faston sai da ya dakata ya share ido. Da lokacin baiko ya yi, aka nuna mini gurbin Mama a benci, wanda ba wadda ta zauna tun da ta rasu. Na zaci riƙe tulun kawai zan yi, sai Mama Rifkatu ta danƙa mini soson. Ban taɓa bugawa ba, amma hannuna ya san wurin, saboda shekarun da na yi da kunne a jikinsa. Ƙasar tulun ba ta gama bushewa ba, sai muryarsa ta fito da zurfin da ba ta taɓa yi ba, na ji ta a cinyoyina da haƙarƙarina, kwanon rufi yana amsawa. Mutane suka taso layi-layi suna rawa zuwa gaba. Can na hango Baba, mutumin da kullum yake zuwa ba da baiko a miƙe kamar mai zagayen marasa lafiya, yana jefa ƙafa ba bisa kiɗa ba, hawaye har gemu, Iliya a kafaɗarsa. Wata ta rangaɗa guɗa. Ina kuka ina dariya ina bugawa, ban kuskure ko sau ɗaya ba.

Shekara uku bayan nan aka yi wa Baba canjin wurin aiki muka bar cikin birni. Hajiya ta rasu ina aji biyu a sakandare, na je gaisuwa na zauna shiru kamar kowa. Tulun ya yi shekara goma sha ɗaya yana aiki kafin ya tsage a bayan a-kori-kura. Yau ni dila ce ta tukwane da kuloli da robobi, ina sauke kaya mota-mota, majami'armu kuma ta koma ta bene, da jita da lasifikoki masu girgiza taga, yara ba su san ana buga tulu ba. Wani lokaci in na bi ta Ƙofar Mazugal nakan rage gudu in duba ko zan gane lungun, sai in ga shaguna. Na saba auna riba da faɗuwa, na kuma auna wannan sau da yawa. Abin da ruwan Malam Ɗanjuma ya cinye mini iska ce a cikin tulu. Abin da ya bar mini kuwa, har yau in ina shirya kaya a shago sai in ji kaina ina jan waƙar baikon nan a hanci, kuma irin ta Hajiya nake ja.