Cigiyar Faifai na Biyar

Motar da Baba ya saya don in riƙa ɗaukar fasinja tsakanin Bodinga da Shagari 'yar Kwatano ce, ta ci ƙuruciyarta a wata ƙasar Turawa sannan ta zo ta tsufa a hannuna. Ranar da nake wanke ta na zura hannu ƙarƙashin kujerar direba, na jawo wata 'yar baƙar jaka. A ciki akwai faya-fayan sidi guda biyar, babu kwali babu hoto, sai ɗan rubutun hannu a kan kowane. Baƙaƙen boko ne, amma ba Turanci ba ne.

Da ina da wayo da na mayar da jakar inda na same ta na ja bakina na yi shiru. Sai na kai wa Baba, ina murna mun samu gyara.

Baba manomin albasa ne, kuma irin mutanen nan ne da in sun tsinci allura a hanya sai sun tambayi unguwa. Ya juya jakar gaba da baya, ya ce, "Mota munka saye. Waɗanga ba su cikin ciniki. Tsintuwa ta."

Na ce mai su yana can bayan teku, bai ma san da wani gari wai shi Bodinga ba.

"Allah shina can ma," in ji Baba.

Aka tambayi dillalin da ya sayar mana, ya ce bai san da su ba, kuma ba ya so. Baba ya tafi wurin limamin unguwarmu. Liman ya so ya fara da zancen ko kiɗan ma ya halatta, Baba ya ce wannan wata tambaya ce daban, shi a kan kayan mutane ya zo. Amsar da ya dawo da ita ke nan: idan abin ba shi da wata daraja, irin wanda mai shi ba zai juyo nema ba, wanda ya tsinta ya riƙe. Idan yana da daraja, sai a yi cigiya shekara guda, bayan nan ko a riƙe ko a yi sadaka da shi da sunan mai shi.

Saura a san ko suna da daraja. Baba ya ba ni mako guda in saurara in kawo masa bayani. Haka na zama alƙalin kiɗan Turawa, ni da ban taɓa sanin ana jera waƙa goma a faifai ɗaya da niyya ba. Ni dai na san waƙa a rediyo, ta zo ta wuce.

Na farkon wani ƙato ne yake ihu tun daga fari har ƙarshe, jita na amsa masa kamar injin niƙa ya haɗiyi tsakuwa. Ban san me aka yi masa ba, amma ko me ne, bai yafe ba. Na biyun mace ce mai murya, wannan ban hana ta ba, sai dai waƙa ɗaya ta yi sau goma sha biyu tana canza mata zane. Akwai wanda aka ɗauka a wurin taro, tafi ya fi kiɗan yawa. Na huɗun ne ya fi ba ni haushi, don ya yi mini abin da muke yi wa masu sayen albasa: manya a bakin buhu, ƙanana a ƙasa. Waƙa uku na farko sai ka ce za a yi abin kirki, sauran ciko ne.

Na biyar a hanyar Danchadi na sa shi, da hantsi, na je ɗauko buhunan Baba. Da ƙyar ma ake jin farkonsa. Tsirkiya ɗaya ake taɓawa a hankali, sai wani mutum mai dusasshiyar murya ya shigo, irin muryar wanda ya tashi barci ba ya so ya tada mutanen gida. Waƙa ta biyu ta ɗauka daga inda ta farko ta ajiye, babu ko numfashi a tsakani. Ganga ba ta shigo ba sai a ta huɗu, kuma sai da ta shigo na gane tun ɗazu ita nake jira. A ta bakwai mutumin ya yi shiru gaba ɗaya, ya bar kayan kiɗan su ƙarasa maganar. Na tsayar da mota a gindin darbejiya na ji shi har ƙarshe, ina baƙin cikin wani abu da ban ma rasa ba. Ban san kalma ɗaya a ciki ba, amma na so faifan nan, so na gaske.

Dabarata mai sauƙi ce: in ce wa Baba duka biyar ɗin shirme ne, su zama nawa.

Ranar Juma'a bayan la'asar Baba ya shigo ya zauna a gaban mota a ƙofar gida, ya naɗe ƙafa a kan kujera kamar yana kan buzu. Na riƙa sa masa kaɗan-kaɗan ina cewa shirme, yana gyaɗa kai. Da aka zo na biyar ya saurara na ɗan lokaci, sai ya taɓe baki.

"Wanga ya hi su duka lalacewa," ya ce. "Mutumen ga yunwa shika ji. Wanda yaɓ ɓatar da shi ma ya huta."

Ni kuwa ina da baki mai riga ni isa wuri. Kafin in ankara na ce, "Haba Baba! Ba haka aka jin shi ba. Sai an hwaro daga hwarko an kai ƙarshe. Wanda yaj jera waƙoƙin ga ya san abin da shika yi, kuma wanda yar rasa shi wallahi har yau shina nema!"

Na yi ta zuba. Da na tsaya, Baba yana kallona yadda ake kallon akuyar da ta kai kanta turke.

"To," ya ce. "Huɗu naka na. Wanga a yi mai cigiya."

Har yau ban sani ba ko tarko ya ɗana mini ko ra'ayinsa ne tsakani da Allah. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

Cigiyar faifai ba a yin ta da baki kaɗai, in ji Baba, don ba wanda zai gane shi da ido. Saboda haka kullum a sawun farko zan sa shi, in ya ƙare in tambayi fasinja ko akwai wanda ya san mai shi. Ya kafa sharaɗi biyu: ba zan sa shi ni kaɗai ba, kuma in tuna ba jin daɗi aka aike ni ba. Na farkon na kiyaye shi.

Shekara guda cur mutanen hanyar nan suna jin albam ɗaya, kuma babu wanda ya ɓoye ra'ayinsa. Wani ɗan kasuwa ya ce a nemo mawaƙin a ba shi citta da zuma. Wata mai goyo ta ce in bar shi, yana sa ɗanta barci, kuma wannan ne yabo mafi girma da ya samu. Idan muka taso daga Bodinga ba a tsaya ko'ina sosai ba, za mu shiga Shagari da saura waƙa ɗaya, don haka sai in rage gudu daga nesa. Fasinja suka gane, suka riƙa cewa, "Direba, taka mota, mun yahe sauran!"

Wani malamin sakandare da ke bin motata kowace Litinin shi ya ba ni sunayen abubuwan. Ya ce mai ihun nan rok ne, matar nan pop ce, na biyar kuwa Turawa na ce wa irinsa altanatif, wato wanda bai bi hanyar kowa ba. Harshen da ake waƙar da shi dai ya ce ba Turanci ba ne, ba Faransanci ba, iyakar saninsa ke nan. Shi na matar ya fi so, wai waƙa ai don a ji daɗi ake yin ta, nawa kuwa zaman makoki ne aka ɗauka a faifai. Na ce masa kunnuwansa na rataye tabarau ne kawai. Mako biyu bai shiga motata ba, ya dawo muka ɗora daga inda muka tsaya. Duk da haka kowace Litinin shi ne ke fara amsa cigiyar, ya ce bai san mai shi ba.

A kasuwar Bodinga akwai shagon da ake kwafar faifai, kullum ina wucewa ta gabansa. Ban shiga ba. Liman ya ce ko a riƙe ko a bayar, ni kuma na ji rabin farko na ajiye sauran. Ni na tsinta, ni na yi cigiya, wa zai riƙe in ba ni ba?

Baba ne ke ƙirga watanni. Wata safiya, gero ya fara nuna a gonaki, ya tare ni ina duba ruwan mota.

"Yau shekara," ya ce. "Ka ba da shi sadaka, lada ta tai ga mai shi."

"Baba, liman ya ce ana iya riƙewa."

"Ya ce ko a riƙe ko a bayar. Kai shekara guda kana cin moriya tai. Shi mi yas samu?"

Sai na roƙi abu ɗaya: idan na yi shela babu mai so fa? Baba ya ce to sai a sake shawara. Na tafi hankalina kwance, don na san mutanena. Shekara guda suna kushe shi.

A tashar Shagari na ɗaga faifan sama, na ce sadaka ne ga mai so, da muryar da ko ni da ƙyar na ji ta. Wata tsohuwa 'yar Horo Birni da ke zaune a kan ƙullin kayanta tana jiran mota ta miƙo hannu.

"Ina so."

"Inna, kina da abin sa shi?"

"Ina da zare," ta ce. Ta karɓa ta duba, ta ji daɗi da ta ga har da hudarsa ya zo. Tsuntsaye ne suka tasa geronta a gaba, kuma ta ga maƙwabcinta ya rataya irin waɗannan a gonarsa, walƙiyarsu na korar su.

Na ruga mota na ɗauko huɗun nan nawa, na ce ta ba ni ɗaya in ba ta huɗu. Ta karɓi huɗun ta sa mini albarka. Na tsaya ina jiran nawa. Ta ce ai wancan sadaka ne na ce, ita kuwa ba ta taɓa jin an mayar da sadaka ba. Ta ƙulle biyar ɗin a bakin zane.

Na koma Bodinga babu abin da ke tashi a motar sai ƙarar inji, fasinja suna ta yaba shirun. Na ji zafi ƙwarai, na kuma yi fushi da Baba kwana da kwanaki, fushin da ya fi ciwo don na san yana da gaskiya. Ko jin bankwana ban yi wa faifan ba. Daga baya, da wayoyi masu gane waƙa suka zo, na sha rera musu abin da na tuna, ba su san shi ba. Ko kuwa muryata ce ba su gane ba. Yanzu ta huɗu da ta bakwai kaɗai suka rage mini a kai, su ma sun fara cuɗewa.

Bayan an yi girbi tsohuwar ta shigo motata. Na daure har muka yi nisa, sannan na tambaye ta yaya faya-fayan.

"Huɗun nan sun yi aiki ƙwarai, ɗana," ta ce. "Na sadakan dai rago na. Duk ya goge, ba shi walƙiya. Nan gindinai tsuntsaye ka taruwa."

Shekara guda ina faɗa da duk wanda ya kushe faifan nan. Ita ban ce mata komai ba, don a duk faɗin hanyar ita kaɗai ce ta taɓa buɗe baki ta ce tana son sa.