Ƙasa a kwalba ta uku

Bushra Maiwada 'yar Dayi ce, ta huɗu a gidansu, kuma ita kaɗai ta kai jami'a. Kimiyyar binciken laifuka ta karanta. Mahaifinta, Malam Maiwada, manomin masara da waken suya, bai taɓa gane karatun sosai ba. Idan an tambaye shi sai ya ce tana koyon yadda ake gano gaskiya bayan an aikata ɓarna.

A sashensu rubutacciyar jarrabawa ba ta isa a ci shekara ba. Akan shirya ɗaki kamar an yi fashi a ciki, ɗalibi ya shiga da safar hannu, malami na tsaye da takarda yana lura da inda ya taka da abin da ya taɓa. Wanda ya manta sa hannu a bakin ambulan ɗin shaida ya faɗi, ko da komai nasa daidai ne. Bushra ta taɓa faɗuwa haka a aji biyu, ta maimaita.

A ajin ƙarshe ta zaɓi bincike kan ƙasar da ke maƙalewa a takalmi, ko za ta nuna inda mutum ya bi. Malam Maiwada ne ya zaga da ita gonaki a kan babur, daga Dayi har bayan Malumfashi, yana murza ƙasa a tafin hannu yana gaya mata wannan jigawa ce, waccan laka. Sun tara kwalabe sittin da biyu. Ya rasu da kaka, bayan jinyar kwana tara, saura wata guda ta kare binciken a gaban malamai. Kwana bakwai ta yi a gida, mahaifiyarta Hansai ta ce ta koma makaranta.

Ranar karewa malamai huɗu suka zauna, har da wata farfesa da aka gayyato daga wata jami'a. Farfesar ta ajiye kwalabe uku marasa suna, ta ba ta awa biyu a ɗakin gwaji. Ta farko da ta biyu Bushra ta gane su. Ta uku ta ƙi zama jigawa, ta ƙi zama laka. Ta sake aunawa sau biyu, lokaci ya ƙare.

Farfesar ta matsa mata, ta ce ko hasashe ne ta faɗa.

"Ranki ya daɗe, ban sani ba," in ji Bushra. "Idan a kotu ne, hasashena zai iya ɗaure mutum."

Ta fita tana ganin ta sake faɗuwa. Sai bayan mako biyu mai duba aikinta ya gaya mata cewa da gangan aka cakuɗa ƙasar wuri biyu a kwalbar, kuma ta ci da maki mai kyau.

Yanzu tana koyar da kimiyya a wata sakandaren 'yan mata a Malumfashi, tana jiran aikin da ta nema. Ranar Juma'a takan hau mota zuwa Dayi ta kwana wurin Hansai.