Wadda ke zama da Ummi ranar Talata

"Wace malama kike nufi, Hajiya?" Haka shugaban lekkol ɗin 'yata ya tambaye ni jiya a buronsa, wato ofishinsa, nan unguwarmu ta Tahaggart.

Godiya na je yi wa malamar da ke zama da 'yata Ummi ranar Talata. Dokar makarantar ce duk yaron da karatu ya yi wa nauyi ya tsaya bayan an tashi ranar Talata, a ƙara masa. Ummina har an ce za ta maimaita aji, yanzu kuwa Larabci take karantawa tiryan-tiryan.

Ya ce malamar ta bar aiki wata uku ke nan, kuma an hana yaro zama a aji shi kaɗai.

Na juya wajen Ummi da ke tsaye kusa da ni. "To wa ke koya miki?"

"Ba koya mini take ba, Mama. Wata tsohuwa ce ke zama kusa da ni. In na kakare sai ta ce, 'Sake, takwara.'"

Sunan mahaifiyata Ummi ta ci, ita kuwa ta rasu a Damagaram tun ina da cikin Ummin.

Ga Talata na ƙaratowa. 'Yan'uwa, in hana ta tsayawa, ko in bi ta in gaida Innata?