Zuwa Funtua da Kakana a Buhu

Masana tarihi sun yi dogon rubutu a kan ƙaurar al'ummomi daga ƙasa zuwa ƙasa, amma har yau ba su kai ga ƙaura mafi hatsari ba: ta kwashe kayan mutum daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa. Ni na yi ta a kakar bara, ga kuma yadda ta kasance.

Dalilin tafiyar hoto ne. Hoton kakana guda ɗaya gare mu, yana tsaye tsakanin shanun huɗa biyu. A akwatin wani baffanmu na tsince shi bayan rasuwarsa, na sa aka kwafe shi, na shimfiɗa shi a fuskar kwamfutata. Na takardar gara ta cinye. Ni ban riski kaka ba. Gwaggo Hajara, 'yarsa da ta rage, aure ya daɗe da ita a Gombe, ba ta taɓa ganin hoton ba. Da ta dawo garinmu Gozaki ta ce a nuna mata mahaifinta tun idonta bai ƙarasa ba. Kwamfutar kuwa ta zaɓi wannan makon ta daina tashi.

Gozaki zuwa Malumfashi

Ana sallame asuba na zura akwatin kwamfutar a buhun masara, na cusa auduga ta kowane gefe. Sabuwar, 'yar ƙarama da ɗiyata ta aiko, tana rataye a kafaɗata. Maƙwabcina Alhaji Sada ne ya goya ni a babur.

"Malam, mu ɗaure ta a baya mana."

"Kakana ne a ciki, Alhaji."

"To Allah Ya jiƙansa. Ka riƙe shi da kyau, akwai ramuka kafin Kafur."

Akwai su kuwa, har da waɗanda bai sani ba. A tashar Malumfashi muka sha koko da ƙosai, ya juya gida.

Malumfashi zuwa Funtua

Yaron mota, wani ƙato mai furfura, ya ce buhu dai a but, can bayan mota, ake sa shi. Na ce wannan a cinyata zai zauna. Ya ce cinyar ma ai ta mutum biyu ce a wannan kujera. Haka na tafi, rabina a kan wani dillalin waken suya da ya yi ta tambayata ko masarar ta sayarwa ce.

Kafin Bakori aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya leƙa buhun, ya ga auduga, ya tona, ya ga ƙarfe.

"Baba, wannan fa?"

"Kwamfuta ce."

"Tana aiki?"

"Da tana aiki, ranka ya daɗe, da ina gida."

Ya ce mu wuce, Allah Ya ba ta lafiya.

Funtua

Hantsi ya ɗaga muka isa. Shagon gyaran kwamfutar da na nufa na Rifkatu ne, ɗalibata a da, wadda ba ta manta na taɓa sa ta share aji ba.

"Malam, yau kai ne za ka zauna shiru a benci."

Ta jona wuta, ta danna. Shiru. Ta kwance murfin, ta hure ƙura da gawar wani gizo-gizo, ta sake dannawa. Fankar ta yi tari ta fasa. Sai ta zaro faifan ajiyar, ta haɗa shi da sabuwar ta wata 'yar igiya, kayana suka fara ƙetarawa: tambayoyin jarrabawa, wa'azozi, hotunan bikin ɗiyata. Ta ƙara mini girman haruffa kamar yadda na saba, ta rage gudun 'yar kibiyar nan mai yawo a fuskar kwamfuta.

Kaka dai babu shi. Muka bi jakar hotuna ɗaya bayan ɗaya, muka sake bi. Tuwon masarar da ta aika aka sayo mini ya huce a gabana. Na fara tsara abin da zan ce wa Gwaggo, kowace jimla ta fi ta baya muni.

"Malam, a ina ka saba ganinsa?"

"A fuskar, da an kunna."

"To ba ya cikin kayanka, yana cikin saitin."

Ta shiga wasu ɓoyayyun jakunkuna masu sunaye kamar na magani, har ta tsaya kan wani abu marar alama. Ta buɗe. Ga shanu, ga rawani, ga kaka, tas kamar jiya aka ɗauka. Na cinye tuwon da sanyinsa.

Komawa

Tsohuwar ta koma buhu, wannan karon a but, ba gardama. Magariba ta yi mini a Gozaki. Ina gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, da Alhaji Sada, da Rifkatu, da dillalin da ya ɗauki rabina bai yi ƙorafi ba.

Da safe aka taru a tsakar gida. Na ɗora kwamfutar a kan turmi, na ƙara haske. Gwaggo ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta daɗe tana kallo, tana murmushi.

"Allah sarki, Ɗan Goshi da Baƙi," in ji ta. "Shanun Baba ne, ba shakka. Wannan na tsakiya kuma malamin gona ne."